Babban Yatsan Balkissa

A waje rana tana dafa Riyad. A gidan ƙanƙara da ke saman wani babban kanti a unguwar Ulaya kuwa, Uwais ya daina jin yatsun ƙafarsa tun kafin azahar.

Aikinsa miƙa wa masu wasan zamiya takalma da allunan ƙafa da sanduna biyu, ya karɓa in sun gaji. Kowace sanda da igiya a kanta, wadda ake zura hannu a ciki. Mudir, mai kula da wurin, ya ce dole kowa ya zura, kada sanda ta suɓuce ta bugi na ƙasa. Uwais bai yarda da dokar ga 'yan koyo ba. Ɗan koyo faɗuwa yake yi, kuma gara sanda ta tafi ta bar hannu. Amma tun da ya baro Azare ya koyi yin shiru.

Ranar iyali ce, wadda ake barin mata su shiga, 'yan mata biyu suka tsaya gabansa, an jibga musu rigunan sanyi a kan abaya. Ɗaya ta juya sandar a hannu, ta ce wa 'yar'uwarta da Hausa:

"Biba, wannan ai sandar makafi ce."

"Ta masu ido ce," in ji Uwais.

Ta ɗago kai da sauri.

"Laa, ashe ɗan gida ne! To Malam, faɗa mini tsakani da Allah. A sa hannu a igiyar nan ko kar a sa?"

Mudir yana tsaye a bayansa.

"A sa."

Ta zura hannu ta sama. Ba haka ake yi ba. Ta ƙasa ake shigo da hannu, sannan a damƙe igiya tare da sanda. Da namiji ne, da ya kama wuyan hannunsa ya gyara, kamar kullum. Ya dubi hannun nata, baƙin lalle ya hau shi har wuyan hannu. Ya dubi jama'a. Ya sunkuyar da kai. Zai iya nuna mata a nasa hannun, amma wannan bai zo masa ba sai da Biba ta ja ta suka wuce.

A gangarowarta ta biyu ta faɗi. Sanda ta kafe a ƙanƙara, igiya ta riƙe, babban yatsan dama ya lanƙwashe baya. Ba ta yi ihu ba. Biba ce ta yi.

"Balkissa! Wayyo, da yatsan nan take ciyar da gida!"

A bakin Biba ya ji sauran, suna jiran tasi. Balkissa mai zanen lalle ce, amare take yi wa. A Riyad aka haife ta. Mahaifinta Malam Laouali, mutumin Maraɗi, tela ne a unguwar Dira, idonsa ya fara rauni. Uwais ya roƙi lambar waya, wai don ya ji yadda aka kwana. Biba ta harare shi sama da ƙasa, ta bayar.

Likita ya ce jijiya ce ta yage. Aka ɗaure hannun. Ya ce ko ya koma daidai, ko ya sandare.

Washegari bayan aiki Uwais ya sami shagon Malam Laouali, a wani lungu bayan masu sayar da turare. Ya durƙusa.

"Baba, ni ne na ba ta sandar. Na ga ta sa hannu ba daidai ba, ban yi magana ba."

Tsohon bai tsayar da keken ɗinki ba.

"Wa ya tuhume ka?"

"Babu."

"To tashi. Ƙaddara ba ta neman mataimaki."

Ya tashi. Da yamma ya rubuta mata:

"Salamu alaikum. Uwais ne, mai sanda. Ya hannu?"

Amsa ta daɗe.

"Alhamdu lillah. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri. Mai Sanda, ashe kana magana fiye da kalma biyu?"

Ya yi murmushi, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Haka aka fara. Shi gajeru yake turawa, ita dogaye, Hausa na tafiya Larabci na tare ta. Ta ba shi labarin amaren da suka koma wurin wata, da yadda Gogo Delou, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta, take ba ta abinci a baki kamar jaririya. Shi ya ba ta labarin ɗakin da suke kwana su da yawa, da fankar da ke kuka ba ta sanyaya komai.

"Kai wuni cikin sanyi, kwana cikin zafi," ta rubuta. "Wallah kai shayi ne ko ruwan firij?"

"Na gaji ne kawai, Balki."

"Wa ya ba ka izinin yanke mini suna?"

"In mayar?"

"Bar shi. Halas, shi ke nan."

Da abin ya yi nauyi, ya nemi wani dattijo direba ɗan garinsu ya raka shi Dira neman aurenta. Wannan karon Malam Laouali ya tsayar da keken.

"Yaro, ban ƙi ka don kana baƙo ba. Dukanmu a kan iƙama muke zaune, takarda ce ke riƙe da mu. Amma ranar da ka fara zuwa nan, laifi ka kawo mini. Yau ma shi nake gani a fuskarka. Ba na ba wa tausayi 'yata. Tausayi tare da ciwo yake warkewa."

"Baba..."

"Na gama."

Akwai kuma Saidou, direban wani attajiri, wanda ya daɗe yana kawo wa Gogo dabino da gaisuwa. Bakinsa ba ya hutawa. Ya zauna a falonsu yana kaɗa makullin mota, ya ɗaga murya yadda za a ji daga ɗaki:

"Gogo, ni ban taɓa ganin inda ake biyan diyya da aure ba. Ya karya yatsa, zai biya da kansa. To in da ƙafa ya karya, sai ya haɗo da ƙaninsa?"

Gogo ta yi dariya. Balkissa ba ta yi ba. Ta ɗauki waya.

"Mai Sanda, tambaya ɗaya. Da ban faɗi ba, da ka neme ni?"

Uwais yana tsaye da sanduna a hammata, layi ya yi tsawo, mudir yana cewa yalla, yalla, a yi sauri. Ya rubuta abin da ya san gaskiya ne:

"Da ban samu lambarki ba."

Ta karanta. Ba ta amsa ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tura gaisuwa da safe, ya tura da yamma, har ya ji kunyar kansa ya bari.

Watannin zafi suka wuce a haka. Ya rame. Yana miƙa sanda, yana karɓar sanda. In mudir ya juya baya, sai ya ce wa 'yan koyo su bar igiyar, su riƙe sanda kawai. Wata rana mudir ya ji, ya yi masa faɗa a gaban mutane. Washegari Uwais ya ci gaba.

Saidou kuwa ya kai maganarsa har gaban Balkissa. Ta ce masa ta gode, amma kunnenta ɗaya ne da na kowa, yana buƙatar hutu.

Wata ranar Laraba hoto ya shigo wayar Uwais. Hannun Biba ne, zane ya rufe shi, siriri kamar zare, babu inda ya karkace. A ƙasa an rubuta:

"Da dama na yi. Ya warke sarai. Na yafe maka duniya da lahira. Ka huta, Malam Uwais."

Ya daɗe yana kallon "Malam" ɗin nan.

Bai je ranar ba. Bai je washegari ba. Ya bar kwanaki su wuce, yana sauraron kansa kamar mai jiran zazzaɓi ya sauka. Sannan ya sa farar rigarsa, ya shiga rana, ya nufi Dira.

Malam Laouali yana fama da zare da allura a bakin shago. Ya gane muryar.

"Ba a gaya maka ya warke ba?"

"An gaya mini, Baba. Na yi murna. Na zauna in ga ko zan daina tunaninta, tunda kun ce tare suke tafiya. Ban daina ba."

Ladan ya fara gyara murya. Tsohon ya miƙa masa allurar.

"Zura mini wannan. Sauran magana ba tawa ba ce, tata ce."

A bakin masallaci Uwais ya rubuta saƙo mafi tsawo a rayuwarsa:

"Balki, na amsa miki da rabi. Da ba ki faɗi ba, da ban samu lambarki ba, da kuma ina nan ina duban ƙofa duk ranar iyali. Ranar nan ba kunyar mutane kaɗai ta rufe mini baki ba. Kin ɗago kai, na manta aikina. Wannan kafin ki faɗi ne."

Sai bayan la'asar wayar ta motsa.

"Wata nawa kana riƙe da wannan? Allah ya shirye ka, Mai Sanda. Gogo ta ce ka zo ka ci abinci, an ce ka zama kara."

An ɗaura auren ranar Juma'a a wani ƙaramin masallaci bayan kasuwa. Dattijon direba ya tsaya wakili, mahaifin Uwais yana saurare ta waya daga Azare, layi yana yankewa yana dawowa. Saidou ma ya zo, ya fi kowa cin dabino.

Da aka kai amarya ɗan ɗakin da suka kama, Gogo Delou ta zaunar da su gabanta.

"Kai ba ka magana, ke ba kya yin shiru. Sai ku raba daidai. Allah ya ba ku haƙurin juna. Allah ya sa baƙuncin nan ya zame muku gida, ya mayar da ku ga iyaye da zuriya ɗayyiba."

"Amin," in ji Balkissa daga cikin mayafi.

Uwais ya buɗe baki. Duk suka jira.

"Amin," ya ce.