Duk Da Ɗan Kudu Ne

"To faɗa mini laifina, Malama! Ni na saka mata maganar a baki?"

Dokta ke wannan faɗan, hannunsa ɗaya riƙe da ƙafar wata jar akuya a kan teburin asibitinsa, ɗayan riƙe da bandeji. Likitan dabbobi ne, mutumin kudu da aiki ya kawo shi garinmu, kuma shi ne wanda saura wata uku a ɗaura mana aure... idan har an ɗaura ɗin.

"Kana zaune ta faɗa! A falon Ummana, a kan kujerar Ummana! Ko tari ba ka yi ba!"

Ga abin da ya faru. Jiya yayarsa, wadda kowa ke kira Anti Lauya, ta iso daga kudu don ta ga gidanmu. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, don haka zuwanta tamkar zuwan uwa ne. Kwana biyu muna share-share da goge-goge, har labulen falo sai da Umma ta sa aka canja.

Matar nan ta shigo da robar ruwanta a jaka, ta ƙi taɓa wanda muka kawo. Ta dubi tayil, ta dubi fanka, ta ce, "Ashe dai kuna da irin waɗannan a nan." Da za ta yi wa Umma magana sai ta riƙa jan kalmomi tana ɗaga murya, kamar mai magana da kurma. Duk wannan mun shanye. Can sai ta karkata wajen ƙaninta, ta ce masa da turanci ƙasa-ƙasa, wai ya tabbata ya yi tunani? Mutanen da ba sa barin mace ta yi karatu, sai zama a inuwa ana jiran Allah ya kawo?

Ni da nake koyar da lissafi a sakandare shekara biyar! Umma kuwa shekara talatin ta yi tana aikin ungozoma a asibiti kafin ta yi ritaya. Ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta amsa mata da turancin da ya fi nata gogewa, cewa ruwan gidan nan tafasasshe ne, amma baƙo ba a yi masa dole.



"Na yi mata magana a mota," in ji Dokta yana naɗe ƙafar akuyar. "Wallahi na yi mata. Amma a gaban mutane ba zan iya tsinka ta ba, ita ce uwata ita ce ubana."

"To ni ma ba zan shiga dangin da ke ganin uwata jahila ba. A fasa kawai!"

Bandejin ya suɓuce daga hannunsa.

"Haba masoyiyata... ka saurare ni mana, ka tsaya ka ji!"

Haka yake. Ya iya yarenmu sosai, amma da zarar ransa ya ɓaci sai namiji da mace su cakuɗe masa. Duk da fushin da nake ciki sai da dariya ta suɓuce mini, na yi saurin rufe baki da mayafi.

Ya gani. Ya tsaya cak yana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba.

"Kin gani ko? Wannan dariyar. Shekara biyu ke nan ina shan ta a gidanku."

"Wace dariya kuma?"

"Yayanki yana kwaikwayon maganata a gabana, kowa na ƙyaƙyatawa, ni ma ina taya ku. Goggonki ta ce a riƙa ƙirga cokula idan na zo cin abinci, wai mu 'yan kudu idonmu a buɗe yake. Kika ce mini wasa take yi. Ranar da kika gabatar da ni ga ƙawarki, kin tuna abin da kika ce mata?"

Na kau da kai, don na tuna.

"Cewa kika yi, 'Duk da ɗan kudu ne, yana da kirki.' Duk da! Ina tsaye a gefenki, Malama. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba. Ni shekara biyu na haɗiye saboda ina son ki. Ke yini ɗaya kika ɗanɗana, har kin ce a fasa."

Akuyar ta saki wani dogon kuka, mai ita ta leƙo daga benci tana tambayar ko an gama. Na ɗauki jakata na fice.

Da la'asar muna tsakar gida, Umma na tsince shinkafa, Goggo na zaune kusa da ita, Abba na kan tabarmarsa da rediyo, Yaya ya shigo daga kasuwa. Labarin jiya ya riga ya kai masa. Ya ɗaga kafaɗu, ya turo ciki gaba, ya maƙale murya yana kwaikwayon Dokta.

"Mama, ka kwana lafiya? Akuya ya sha magani?"

Goggo ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. "Ai na faɗa muku! Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mutanen da magana ma sai da ihu, ba kunya ba kara, yaro ya kalli babba ido cikin ido..."

Sau nawa na ji irin wannan? Ya fi a ƙirga. Amma ranar sai na ji shi da kunnen Dokta. Na hango shi zaune a kan wannan tabarmar, ya naɗe ƙafa kamar yadda ya koya don ya faranta mana, yana murmushi ana yanka shi da wuƙa marar kaifi.

"Yaya, don Allah ka daina!"

Ban san muryata ta tashi haka ba. Hawaye suka ɓalle mini.

"Yau kuma? Ke da kike fin kowa dariya?"

"Shi ya sa nake kuka ai!"

Abba ya kashe rediyonsa. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum ne da ba ya yawan magana, shi ya sa idan ya gyara murya kowa ke nutsuwa.

"Auta, zo nan." Na matsa kusa da shi na durƙusa. "Me ya faru tsakaninki da yaron nan?"

Na kwashe komai na faɗa masa, har da "duk da" ɗin. Ya daɗe yana shafa gemunsa.

"Shekara ashirin da shida ina jan jirgi daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan," in ji shi. "Idan na isa can, su ce ga ɗan arewa, bai san komai ba sai shanu. Idan na dawo nan, in tarar ana cewa su 'yan wayo ne marasa kunya. Da zazzaɓi ya kayar da ni a can, wata tsohuwa mai sayar da lemo a tasha ce ta yi jinyata sati biyu, ko yaren juna ba ma ji. Na kuma ga wanda ya cuce ni a can, na ga wanda ya cuce ni a layin nan namu."

Ya juya ga Yaya. "Da ragonka ya kumbura ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wa ya zo?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Shi ne, Abba."

"Ni ma da laifina, da nake ji ina yin shiru. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Daga yau an daina a gidan nan. Yaya," ya dubi Goggo, wadda take yayarsa, cikin ladabi, "har ke, don Allah."

Goggo ta taɓe baki. "Ita kuma mai robar ruwan fa? Sai a bar ta ta ci bulus?"

Umma ta yi 'yar dariya tana kaɗe tire. "Ni na rama tawa tun jiya, ban bar bashi ba. Sauran na Auta ne."

Washegari Asabar, ba makaranta. Na san jirgin Anti Lauya sai azahar, don haka da hantsi na nufi masaukin baƙin da ta sauka. Na tarar da ita a ɗaki tana ninke kaya, ba kwalliya ba tabarau, sai na ga ashe 'yar ƙaramar mata ce, idanunta sun kumbura.

"Kin zo ki ce mini kin fasa?" ta tambaya da turanci. "Ya riga ya faɗa mini. Tun jiya bai ƙara yi mini magana ba."

"Anti, na zo ne in faɗa miki kin ɓata mini rai. Kin raina uwata a cikin ɗakinta."

"Na sani." Ta zauna a bakin gado. "Da ta amsa mini, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Na kuma zo in faɗa miki mu ma mun daɗe muna yi wa ƙaninki irin haka. Ni ce kan gaba."

Ta ɗago da sauri. "Bai taɓa faɗa mini ba. Kullum cewa yake kun ɗauke shi kamar ɗa."

Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Ta nuna mini kujera na zauna. Ta ce tana da shekara goma sha tara iyayensu suka rasu a hatsarin mota, shi yana da bakwai. Da rana ta yi aikin shago, da yamma ta tafi aji, a haka ta yi karatun lauya shi kuma ta kai shi inda ya kai. Ba ta taɓa taka arewa ba sai wannan zuwan. Abin da ta sani game da mu, a bakin mutane ta ji shi, da abin da ake yaɗawa a waya.

"Tsoro nake ji," ta ce. "Shi kaɗai gare ni. Na ce idan ya yi aure a nan, shi ke nan an ƙwace mini shi. Sai na zo ina neman aibin da zan riƙe... ban samu ba, sai na ƙirƙiro."

"Anti, ba ƙwace shi zan yi ba. Ƙanwa za ki ƙara."

Ta kalle ni ta kalle ni, sai ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Da muka gaji ta share fuska ta ce in raka ta wajen Umma, jirgi ya tafi abinsa, akwai na gobe.

Abin da suka tattauna a ɗaki ban sani ba, don korata suka yi. Na dai ji shiru, sannan na ji dariya, sannan Umma ta leƙo ta ce a ƙaro abinci.

Ni kuwa na zame na tafi asibitin Dokta. Yana tsaye a bakin famfo yana wanke hannu, ya rame a kwana ɗaya kamar wanda ya yi jinya.

"Dokta..."

Bai juyo ba. "An buɗe ne don dabbobi, Malama."

"To ga wata ta kawo kanta. Taurin kai ke damunta."

Kafaɗunsa suka motsa, na san dariya yake dannewa.

"Ka yafe mini, hasken idona. Ba 'duk da' ba ne. Ina son ka ne da kudunka da komai naka, da ihun da kake yi a waya idan kana gaisawa da 'yan'uwanka, da yadda ba ka iya ɓoye abin da ke ranka. Na cuce ka, kuma ban ma san ina yi ba."

Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Ni ma na yi kuskure. Ya kamata in tsaya wa Umma a take, ko da a tausashe ne. Zan je in ba ta haƙuri."

"Ka yi sauri, kafin yayarka ta cinye maka abinci. Tana gidanmu."

"Wa? Anti? A gidanku?!"

Ko rigar aikin bai tsaya cirewa ba.

Ba zan ce komai ya gyaru rana ɗaya ba. Goggo ta ɗauki wata guda tana amsa gaisuwarsa a daƙile, kuma a cikin danginsa akwai kawun da har yau yake tambayata ko muna da wutar lantarki. Amma an ɗaura auren a ranar da aka sa, gidanmu ya cika ya batse da baƙi daga kudu, Yaya ne ma ya yi ta jigilarsu daga tasha.

Da yamma, ana shirin kai ni, Anti Lauya ta shigo ɗaki ta roƙi ƙawayena su ba mu wuri. Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan ƙyalle, ta warware. Tsohon agogon hannu ne na mata, fatarsa duk ta tsattsage.

"Na mamanmu ne," ta ce. "Shi ke hannunta ranar hatsarin. Shekara ashirin da uku ina ajiye da shi, ban taɓa ɗaurawa ba. Na ce sai matar ƙanina."

Ta kama hannuna ta ɗaura mini da kanta. Ya yi mini yawa, yana ta zamewa.

"Za a ƙara masa huda," ta ce tana dariya tana hawaye.

A mota Dokta ya riƙo hannuna, sai ya ji abu. Ya ɗaga mayafin kaɗan ya duba. Sannan ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan agogon, na ji ɗumin hawayensa a bayan hannuna.

"Mama," ya ce a hankali, "ga ta nan. Na kawo miki ita."