Simintin Baba

Har gari ya waye bai runtsa ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: benen yake ƙoƙarin cetowa, ko kuwa wadda ke zaune a cikinsa? Zanen gine-gine ya karanta a jami'a, yana aiki a sashen kula da tsofaffin gine-gine na ƙaramar hukuma, kuma a safiyar nan zai miƙa rahoton da kwamiti zai dogara da shi wajen ba da tallafin gyara ko hanawa.

A ofishin suka fara haɗuwa. Ta shigo rungume da ambulan ɗin hotuna, ta tsaya ƙarƙashin fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska.

"Don Allah, nan ne ake neman tallafin gyaran tsohon gini?"

"Nan ne ake nema," ya ce. "Samun ne ban taɓa yi wa kowa alkawarinsa ba."

Ta yi dariya, shi kuma ya manta inda ya ajiye bironsa.

Benen tsohuwar maɗaba'a ce da kakanta ya gina da jan bulo da farar ƙasa. Injinan buga littattafai na ƙasa, sun daɗe da yin shiru. Ita da mahaifinta na sama, ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Ita ce auta, amma shi ma'aikacin 'Yar Bene yake ce mata, ita kuma ta laƙaba masa Mai Taswira. Ya je awon ginin sau ɗaya, sannan ya riƙa gano kusurwoyin da bai auna ba.

Wata rana ta turo masa saƙo: "Mai Taswira, an yi ruwa, ɗakin Baba ya koma kasuwar bokitai. Ka ci abinci kuwa?"

Ya amsa: "Na ci, 'Yar Bene. Da ina da iko, da ni zan kwana a kan rufin in tare muku ruwan da bayana."

Sharaɗin tallafin a bayyane yake: gini ya kasance da kamanninsa na asali, kada a taɓa shi kafin zuwan masu dubawa. Ta gaya wa Baba, ya ce ya ji. Amma da ya sami labarin manyan baƙi ne za su zo, sai kunya ta kama shi. Ya jira ta tafi jinyar yayarta, ya kira wani ɗan kwangila, aka lafta wa fuskar benen siminti, aka bi da fenti mai ƙyalli.

Da Mai Taswira ya zo, ya tsaya a tsallaken titi yana kallon fentin.

"Yaya ka gani, Injiniya?" in ji Baba, fuskarsa cike da fara'a. "Ai ba za a ce mun tarbi baƙin gwamnati cikin tsumma ba."

"Baba, tsumman suke zuwa gani."

Ya yi masa bayani cikin ladabi: tsohon bulo yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa kulle danshin yake yi a ciki har bulon ya ruɓe.

Baba ya ce, "To ka rubuta cewa haka ka tarar da shi."

"Hotunan farko suna wurin kwamiti."

"Amma kai ne mai alƙalamin, ko ba haka ba?"

Wannan maganar ce ta raba shi da barci. Da safe ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya roƙi kwamiti da kada ya yi watsi da buƙatar, a ɗage ta zuwa baɗi idan an cire simintin. Iyakar abin da ikonsa ya kai ke nan. Aka ɗage.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi da 'yarsa, "Wanda ya kasa rufa wa bango asiri, ta yaya zai rufa wa mutum? Kada in ƙara ganinsa a matakalata."

Ɗan kwangilar kuwa ya sami ƙofa. Kullum yamma sai ya faka motarsa, yana lissafa shagunan da filin zai ɗauka idan an rushe benen, yana satar kallon tagar sama.

Bayan kwanaki saƙonta ya zo wa Mai Taswira: "Ban ce ka yi laifi ba. Amma ɗazu na tarar da Baba yana shafa fentin nan da hannunsa, na rasa wanda zan tausaya wa a cikinku."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge.

Ranar Asabar ya zo da ƙaramar guduma da cizal, ya durƙusa a ƙofar gida ya gaishe da Baba.

"Ba matakala na zo hawa ba, Baba. Izinin bango nake nema."

"Bangon da ka riga ka kashe? Yi yadda ka ga dama."

Ɓallin farko da ya faɗo, bulon da ke ƙarƙashinsa a jiƙe yake sharkaf. Baba ya matso ya danna da yatsa, jar ƙasa ta biyo yatsan.

Aikin ba ya sauri. Wani wurin simintin ya saki lafiya, wani wurin ya taho da fatar bulon, Mai Taswira ya tsaya yana kallon ɓarnar da ba shi da maganinta. Hannuwansa suka yi bororo. Daga sama akan zuro masa gorar ruwa da igiya, ba tare da an leƙo ba.

Wata yamma ɗan kwangilar ya tsaya a kansa yana dariya. "Baba, ku daina wahalar da ɗan boko. Katafila ta shigo da safe, kafin azahar an share wurin."

Baba ya dube shi ya daɗe. "A ɗakin can na sama aka haife ni," ya ce. "Ka gaida gida."

Da motar ta tafi, ya jawo kujera, ya ɗauki buroshi ya shiga share ƙurar bulon. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Injiniya, kana da manya a kusa?"

Gudumar ta suɓuce daga hannun Mai Taswira.

Ranar da aka ɗaura auren, a tsakar gidan, ƙarƙashin tampol, Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku rufa wa juna asiri da gaskiya." Sannan ya yi murmushi. "Yanzu da ka zama ɗan gida, ai baɗi takardarmu ba za ta sha wahala ba."

Ango ya sunkuyar da kai. Sai da suka kaɗaita ya gaya mata: ma'aikaci ba ya riƙe takardar buƙatar danginsa, kuma wanda zai karɓe ta daga hannunsa bai taɓa ganin benen ba.

"Wato ni na sami miji, bene ya rasa mai tsaya masa," ta ce. Ta juya tafin hannunsa tana duban tabon bororon. "Kana nadama, Mai Taswira?"

"Tsoro nake ji, 'Yar Bene. Damina ba ta jiran kwamiti."

"To mu ji tsoron tare."

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa ofis. Ya jera sababbin hotunan bangon, ya ɗaure fayil ɗin, ya kai teburin shugaban sashe.

"Lafiya?" in ji shugaban.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Gidan surukaina ne."

Ya ajiye, ya ja ƙofar a hankali.