Hannun da ke Riƙe da Igiya

Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na tsakar ci, wani makiyayi, Sajo, ya ga bajiminsa a wayar wani. Farin bajimin da aka kwance masa a Gagarawa ne, an ɗora hotonsa a shafin intanet na ƙungiyar dillalan shanu, ana neman mai saye. Kafin la'asar an tare Anas, wanda ya gina shafin, an farfasa masa yatsun hannun dama da sanduna. Ba wanda ya tsaya tambayarsa komai.

Washegari ƙungiya ta ɗauko Safiya daga Gumel, mai sana'ar gina shafuka, don ta yanke musu shawara: a gyara shafin ko a rushe a sake sabo.

"Rushe shi yau, 'yata," in ji Alhaji Ɗantsoho, shugaban ƙungiya kuma kawun Anas. "Yaron nan ya zubar mini da mutunci."

"Bari in leƙa cikinsa tukuna, Alhaji."

Shafin kam shirme ne tsagwaronsa. Kalmar sirri ɗaya ce ga kowa, kafin hoto ya buɗe kuwa mutum ya gama shan shayi. Amma gaggawar Alhaji ta tsaya wa Safiya a rai. Ta sami Anas a asibiti.

"Kai ka ɗora hoton?"

"Wallahi Anti, rabona da shafin tun kafin azumi."

"Wa ke da kalmar sirrin?"

"Ni, da Cindo dillali, da Kawu."

Cindo bai ɓata mata lokaci ba. Ya zaro ƙaramar wayarsa mai tocila ya ajiye.

"Hajiya, wannan ko hoton akuya ba ta ɗauka. Kuma satin nan duk ina Damagaram, tambayi direbobi."

Ta tambaya, haka ne. Ta koma ta buɗe ma'ajiyar hotunan shafin, ta nemo hoton bajimin.

Ta tara 'yan ƙungiya, da Sajo da ɗan sanda.

"Kun san me ya sa shafin nan ke da nauyi? Anas bai iya rage hoto ba. Shafin yana nuna tsakiyar hoto kawai, amma cikakken hoton yana nan a ajiye. Malam Cindo, in ana ɗaukar sā hoto, wa ke riƙe igiya?"

"Mai sayarwa mana. Ba ya sakin ta sai ciniki ya faɗa."

Ta juyo musu da kwamfutar. Ga bajimi, ga igiya, ga hannu a gefe mai guntun ɗan yatsa da zoben azurfa. Kowa a wurin ya sha gaisawa da hannun nan. Alhaji Ɗantsoho ya fara tura shi cikin aljihu.

"Ya zaci abin da ya gani a waya shi ke nan," in ji Safiya. "Da an rushe, da shaidar ta tafi. Kana tsaye, Alhaji, aka karya ɗan ƙanwarka."

"To da ni za su karya?" in ji shi. Ko kunya babu.

Bayan an tafi da shi, Cindo ya yi gyaran murya.

"To yanzu, rushewa ko gyara?"

"Gyara. Aikin mako guda ne ga wanda ya san lungunansa."

"Sai a kira Anas."

Safiya ta rufe kwamfutar.

"Ku kira shi. Likita ya ce gobe za a yanke yatsun."