Ƙofar Da Sarkin Magina Ya Toshe

A shekara ta goma sha ɗaya ta mulkin sarkin da ake wa laƙabi da Gurgu, ana tsakiyar damina, ciwo ya kwantar da shi. Ƙaninsa ya soma tara mayaƙa a bayan gari. Sai matar sarki ta aika aka kira Sarkin Magina, ɗan yayar mahaifiyarta, wanda suka tashi gida ɗaya.

"Yaya," in ji ta, "hanya nake so ta ƙarƙashin ƙasa, daga ɗakina zuwa bayan ganuwa. Kada kowa ya ji."

Ya zaɓi magina tara da ya yarda da su, har da mijin 'yarsa. Wata huɗu suna haƙa, suna tokare rufin da itace. Da sarki ya rasu, ƙaninsa ya kewaye birnin kwana arba'in. Ta ramin nan aka riƙa shigo da hatsi, ta nan kuma Sarkin Yaƙi ya fita ya auka wa maƙiya ta baya. Da aka kore su, aka naɗa ɗan matar sarkin a gadon mulki.

Bayan mako guda, da hantsi, uwar sabon sarki ta ce maginan su shiga su gyara inda ya rufta. Suna shiga, dogarai suka tsaya a bakin ramin, aka jibge tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ɗaya bakin tuni an cike shi da duwatsu.

"Toshe," ta ce wa Sarkin Magina.

Sarkin Magina ya zube ƙasa. "Ranki ya daɗe, 'yata cikinta wata bakwai."

"Na sani, Yaya. Ni zan riƙe abin da ta haifa. Ko ka toshe, ko ka bi su, ita ma ta bi ka."

Ya tashi ya kama aiki. Yana jera tubali yana jin surukinsa na kira, "Baba, haske na raguwa, lafiya?" Ya ɗora tubalin ƙarshe. Ya shafe bangon sumul, yadda ya saba.

An ce ta ba shi alkyabba da doki, ta sa ya gina wa ɗanta sabon zaure. Ya ƙara shekara ashirin a duniya, 'yarsa ba ta sake kallon fuskarsa ba. Uwar sarki kuwa a kan gadonta ta cika, da tsufa, jama'a na yi mata addu'a.

Ba don zumunci ta bar shi da rai ba. Masu mulki sun san cewa wanda ya toshe ƙofa da hannunsa ba zai taɓa nuna wa kowa inda take ba.