Takardun Murfin Akwati

— Wallahi Auta ba za ta koma makarantar nan ba!

Yaya ne ya daka tsawa a tsakar gida, ya yi jifa da akwatin ƙarfen ƙanwarsa har sabulai da takalma suka watse. Gobe ne komawa makarantar kwana, zangon ƙarshe, jarrabawar fita saura wata uku. A cikin murfin akwatin kuwa ga ƙananan takardu nan an manna su reras.

Baffa, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya gyara tabarau ya ɓamɓaro ɗaya, ya karanta da ƙarfi.

— "Gimbiyata, tashi kafin ƙararrawa, ke ce ta ɗaya." Iye! Ga wata: "Kyakkyawa, kar lissafi ya sa ki kuka, kin fi shi taurin kai." Wannan aikin Telan bakin kasuwa ne!

— Baffa, don Allah ka saurare ni, ni ce na...

— Rufe mini baki! Dama dariyar nan taki da kowa, daga mai gadi har shugabar makaranta, na san ba banza ba.

Auta ta durƙushe tana kuka. Yarinya ce da in ta shiga ɗaki sai kowa ya saki fuska, har 'yan aji ɗaya in sun yi kewar gida gadonta suke nufa. Amma yau fara'ar tata ce ta zama laifi.

Inna ta shigo daga rumfarta ta sayar da kwanoni, ko mayafi ba ta sauke ba.

— Wa ya zubar mini da kayan 'ya?

— Inna, na riga na je shagon mutumin nan, in ji Yaya yana huci. Na wanka masa mari biyu a gaban jama'a!

— Ya rama?

— Ina fa! Ko kai bai ɗaga ba. Mara gaskiya ne.

Ran Inna ya ɓaci. Shekara biyu ke nan da Tela ya zo ya durƙusa gabanta ya ce yana son Auta. Ta gindaya masa sharaɗi: ba wasiƙa, ba ziyara, ba saƙo, sai yarinya ta gama karatu. Inna ta juya ta fice. Jim kaɗan ta dawo da littafin da Tela ke rubuta awon mutane, ta jefa shi a cinyar Baffa.

— Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina da ido. Haɗa wannan da waccan.

Baffa ya buɗe. Rubutun Tela a karkace yake, manya-manya kamar kaza ta taka tawada. Na takardun kuwa ƙanana ne a jere tsaf.

— Ke Auta, ɗauko biro ki rubuta abin da ya karanta, in ji Inna.

Auta ta rubuta. Iri ɗaya sak da na takardun.

— Inna, ni nake rubuta wa kaina. A hostel ba mai tashin ka, ba mai lallashin ka. Ranar da na faɗi tes ɗin lissafi na rasa mai ce mini sannu, shi ne na ce wa kaina. Har juniyoyi ina rubuta musu, ku tambayi metiron mai kula da ɗakin kwananmu!

Baffa ya yi gyaran murya ya miƙe.

— To, shi ke nan. Ta koma makarantar.

— Shi ke nan? Inna ta tare ƙofa. Ai tayin nan naka bai kai ba, Baban yara. Komawa makaranta dama haƙƙinta ne, ba kyauta ka yi mata ba. Ka ƙara!

— Me kuma kike so?

— Wannan mai saurin hannun ya koma shagon, a gaban mutanen da suka ga marin, ya ba da haƙuri. Ya dawo ya tsince kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ranar da ta ajiye biron jarrabawa, ka karɓi iyayen Tela da hannu biyu.

— Haba Inna, a gaban mutane? in ji Yaya. Ni sori kawai zan...

— A gaban mutane ka mare shi! Ko sisin mutunci ba zan rage maka ba.

Yaya ya tafi shagon yana jan ƙafa, ya ba da haƙuri a gaban mutane. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa, kumatunsa har lokacin da shatin yatsu, ya ce:

— Ba komai, Yaya. Ni dai kar a hana ta karatu, shi ne kawai roƙona.

Bayan wata uku Auta ta gama jarrabawa, iyayen Tela suka zo, Baffa ya karɓe su kansa a ƙasa. Da sakamako ya fito ita ce kan gaba a makarantar, shugabar da kanta ta aiko da gaisuwa. Yayan nan mai mari shi ya yi ta zirga-zirgar kujeru ranar ɗaurin aure, gumi har cikin ido.

'Yan mata, ku koyi tashin kanku tun ba wanda ya tashe ku. Samari, wanda ya haɗiye fushi ya riƙe alkawari shi ake ba 'ya. Ku kuma 'yan uwa, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu, don ba kowace marainiya ce ba ta da mai tsaya mata ba.