Ranar da Ya Miƙa wa Baba Hagu

Tanti ne ya haɗa su, kuma ba haɗuwar arziki aka yi ba. Anti Nas, kamar yadda yaran sikawut suka raɗa mata tun a mota, tana ciki tana jera magunguna sai iska ta kaɗa. Igiyar da ta ɗaure da hannunta ta zame, tantin ya rufto mata gaba ɗaya. Ta shiga laluben ƙofa tana salati, kwalabe na gangarawa a ƙafafunta.

Sai aka ɗaga gefe guda. Haske ya shigo tare da fuskar wani dogon saurayi mai usur a wuya, yana ta kokawa da dariya.

"Sannu, Likita. Wa ya ɗaure miki igiyar nan?"

"Ni na ɗaure. Da magana ne?"

"Babu. Sai dai irin wannan ɗaurin ko ɗan akuya ba zai riƙe ba."

Ta harare shi, harara mai kyau. Shi kuwa ya durƙusa, ya sake kafa turakun, ya nuna mata yadda ake zagaya igiya a ja ta baya. Tana kallon hannunsa ne wai don ta koya, amma ko abu ɗaya bai shiga kanta ba.

Malamin lissafi ne a wata sakandare, duk dogon hutu kuma shi ke jagorantar yara maza zuwa sansani a bakin daji. Kowa Mai Usur yake ce masa. Ita hutu ta ɗauka daga asibiti, aka roƙe ta ta zo, domin doka ce ba a buɗe sansanin yara babu ma'aikacin jinya. Ta zo da niyyar hutawa. Allah bai nufa ba, don tun daga ranar nan zuciyarta ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

Abu na farko da ya ɗaure mata kai shi ne gaisuwarsu. Yaro da babba, kowa hannun hagu yake miƙa wa ɗan'uwansa.

"Wai ku ba a koya muku ladabi ba ne?" ta tambaye shi.

"Hagu ya fi kusa da zuciya," ya ce. "Wanda ka yarda da shi kake ba shi. Haka duk ɗan sikawut yake gaisawa."

"To, Allah ya kyauta."

Waya ba ta kamawa a sansanin sai a kan wani tudu bayan wurin girki. Anti Nas, wadda ba ta son hawan bene ma, ta koma hawa tudun nan safe da yamma kamar mai neman abin da ta yar. Da ta isa sama sai wayar ta yi ƙara, saƙon Mai Usur ya shigo.

"Likitata, na yanke a yatsa. Ba ya jini, amma ina ganin sai kin duba."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Sarkin Igiya, tantina na marasa lafiya ne, ba na marasa aikin yi ba. Ka zo bayan la'asar."

Ya zo. Babu yanka ko na ƙwayar zarra. Ya zauna a bakin ƙofa inda kowa ke ganinsu, ya cire hula yana murza ta a hannu.

"Ni ban iya zagaye-zagaye ba," ya ce. "Ina sonki, kuma da aure. Wa zan gani a gida?"

Ta sunkuyar da kai tana naɗe bandejin da tuni yake a naɗe.

"Baba," ta ce a hankali. "Amma ka shirya."

Gaskiya ta faɗa masa. Baba mai gyaran agogo ne, mutum ne da ba ya yafe kuskuren ko da gashin ido. Tun tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, shi da ƙanwarsa Gwaggo suka raine ta, kuma ita kaɗai Allah ya ba shi. Ya daɗe da zaɓar mata miji a ransa, ɗan amininsa mai kantin magani a jikin shagonsa. Mai Kemis ba shi da wani aibu da za a nuna da yatsa. Yana da mota, yana da turare, yana gaida Baba kullum. Ita dai in ya yi magana barci take ji.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Gwaggo a waya. Bakin Gwaggo kuwa ba ya riƙe ruwa. Ranar ziyarar iyaye sai ga motar Mai Kemis ta tsaya a bakin sansani, Baba na gaba ya haɗe rai.

Anti Nas ta ruga ta tare su. Ta hango Mai Usur yana tahowa, da gajeren wandonsa da ƙyallen wuyansa, ya gama gaisawa da layin yara da shugabanninsu. Ya cire hula, ya russuna. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya daure ya miƙa masa hannu.

Sabo turken wawa. Mai Usur ya miƙa hagu.

Hannayen biyu suka tsaya a iska, ba su haɗu ba. Ya farga, ya yi wuf ya sauya, amma Baba ya riga ya mayar da nasa cikin aljihu.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, sabo ne..."

"Ni ba babanka ba ne."

Mai Kemis ya yi tari, ya kau da kai yana murmushi. "Ai sai haƙuri, Baba," ya ce. "Wanda ya saba da yara, kowa yaro ne a wurinsa."

Da ƙasa za ta tsage, da Anti Nas ta shige. Baba ya juyo gare ta.

"Haɗa kayanki."

"Baba, in na tafi rufe sansanin za a yi. Babu wata nas." Ba ta motsa ba. "Akwai yaro mai asma a tantina yanzu haka."

Baba mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba ne. Yana huci ya ce, "To. A ba ni kujera. Nan zan zauna har a tashi, in gani da idona."

Mai Kemis ya dubi tantuna, ya kashe sauro a wuyansa, ya tuna cewa bai bar kowa a kanti ba. Ya yi alkawari zai dawo ya ɗauki Baba ranar rufewa, ya ja motarsa.

Kwanakin da suka biyo baya Anti Nas ba ta san ɗanɗanon abinci ba. An kafa wa Baba tanti, shi kuma ya kafa kujerarsa a ƙarƙashin bishiya, daidai inda yake hango komai. Yara, da ba su san dawan garin ba, suka riƙa yin layi kowace safiya suna gaishe shi, kowa da hagunsa a miƙe. Baba ya gyara na farko, ya gyara na biyu, ya gaji ya koma ɗaga musu kai kawai. Kwamanda, tsohon da ke shugabantar sansanin, ya zo da furfurarsa ya yi masa bayanin al'adar. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Tsakaninku ne wannan," ya ce. "Ni ban yi rantsuwarku ba."

Shi kuwa Mai Usur sai ya zama abin tausayi. Ya cusa hannun hagu a aljihu ya hana shi fitowa, kamar ɓarawon da aka kulle. Da hannu ɗaya ya kawo wa Baba shayi, rabi ya zube a faranti. Ya daina bi ta gaban tantinta. Ta hau tudu da safe, wayar shiru. Ta hau da yamma, shiru. Ta sauko, ta zauna, ta tashi, ta sake jera magungunan da ta jera ɗazu. Tsoro ya kama ta cewa ya karaya, haushi kuma ya biyo bayan tsoron. Ta sake hawa tana haki, ta rubuta masa.

"Shiru ke nan? Hannu ɗaya ka miƙa ba daidai ba, sai ka janye duka biyun?"

Ba ta sauka ba sai da amsa ta zo.

"Kunyar idonki nake ji, Likitata. Ni na ɓata, ni zan gyara in Allah ya yarda. Ban janye ba, ko ɗan yatsa."

Ta karanta, ta share hawaye da bakin mayafi, ta sauko da sauri kada Baba ya ga babu ita.

Ranar rufewa da safe ana ta naɗe tantuna. Tana cikin nata tana ɗaure akwatin magani sai ta ji muryar Baba ta bayan ƙyallen, ya kira Mai Usur. Ta tsaya cak.

"Na ji haƙurin da kake ta bayarwa," in ji Baba. "Ba hannun ne ya dame ni ba. Mutumin da zai manta wanda ke gabansa, gobe me zai manta? 'Yar nan ita ke nan gare ni."

"Gaskiya ne, Baba."

"To ga magana ɗaya. Ka cire usur ɗin nan da ƙyallen nan, ka bar wasan yara, ka zama magidanci. In ka yi haka, turo manyanka."

Anti Nas ta toshe baki da hannu. Ka ce to, ta riƙa faɗa a ranta. Ka ce to kawai, daga baya ma san yadda za mu yi.

Sai ta ji muryar Mai Usur.

"Baba, laifin da na yi nawa ne, kuma ba zan sake ba," ya ce. "Amma in na ce maka zan bari, ƙarya na yi maka. Yaran nan wasu ba su da mai kai su ko'ina sai nan. Na yi musu alkawari tun kafin in san ta. Ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa a gabanka, sai dai ba na so in shiga gidanka da ƙarya."

"Ka zaɓa ke nan."

Ta ji takun Baba yana tafiya. Ta zauna a kan akwatin, ta rasa ko ta yi fushi da saurayin ko ta yi alfahari da shi, sai ta yi kuka da duka biyun.

An loda kaya, an tsince fili tsaf, Baba na tsaye a bakin hanya yana duba agogo. Can Anti Nas ta hau tudu, saƙo ya shigo wayarta daga Mai Kemis. An yi ruwa, hanya ta yi laka, motarsa ba za ta iya ba, a ba Baba haƙuri. Haka Baba ya shiga bas cikin yara, suna waƙa suna buga kujeru har gari.

A gida Baba bai tayar da maganar ba. Anti Nas ta koma asibiti, tana duba marasa lafiya ita ma tana buƙatar mai duba ta. Ta rame. Gwaggo ta yi ta bin Baba da "Yaya, ka duba yarinyar nan," yana ce mata ta fita harkarsa. Mai Kemis ya kawo gaisuwa da lemo, Baba ya amsa masa ba tare da ya ɗago daga agogon da yake gyarawa ba.

Wani dare saƙon Mai Usur ya shigo: "Kina lafiya, Likitata?"

"Ba na lafiya. Kai ka ja."

"Na sani. Ki yafe min. Kin so in yi masa ƙarya?"

Ta daɗe tana kallon tambayar.

"A ranar, eh. Yau, a'a."

Wata safiya ta kai wa Baba shayi shago. Ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ajiye.

"Zauna. Ɗayan ya ce min zai zo, bai zo ba. Ɗayan ya ce min ba zai iya ba, alhali ya san abin da zai rasa." Ya ja numfashi. "Na yi kwanaki ina kallonsa. Ban taɓa ganin ya kai loma baki kafin yaran su ci ba. Ki ce ya turo manyansa."

Ta durƙusa a gabansa. Sai Gwaggo, da ke laɓe a bakin ƙofa, ta saki ihun murna har masu wucewa suka waiwayo.

"Sarkin Igiya," ta rubuta, "Baba ya ce ka turo."

"Alhamdu lillahi! Likitata, yanzu kam na yanke da gaske, ina yankan burodi saƙonki ya shigo."

An ɗaura aure bayan hutu ya ƙare. Yaran suka zo cikin kakinsu, suka jeru a ƙofar gida sahu biyu, suka ɗaga sandunansu sama don ango da amarya su bi ta ƙarƙashi. Kafin ta fita, Baba ya kira su ɗaki su biyu. Ya sunkuyar da kai.

"Tun ranar da mahaifiyarki ta rasu ban yi barci mai nauyi ba," ya ce. "Ko motsi kika yi, sai na tashi na leƙa. A sansanin nan kuwa, kullum ina jin takun wani yana zagaya tantuna, yana taɓa igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan naki, ya duba, ya wuce. Nan na fara barci har gari ya waye."

Ya ɗago, idanunsa sun cika, ya dubi angon.

"Na gaji da gadi, ɗana. Karɓe ni. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka ce tare. Amarya ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta, shi kuma ya bar ta ta yi kukanta har ta ƙoshi.