Ƙwan Wuta a Ɗakin Rabi'atu

Wata ranar Laraba, bayan la'asar, Sajo ya tura kekensa zuwa bakin kasuwar Gumel neman mai ɗaura ƙwan wuta. Shekarar 1978 ke nan, damina ta ja baya, ana yankan gero.

Sajo malamin dabbobi ne, shi ke yi wa shanu allura a kasuwar Maigatari duk Alhamis. Wata biyu kafin wannan rana ƙyanda ta ɗauke 'yarsa Asama'u, mai shekara biyar, ita kaɗai Allah ya ba su. Shi ya ɗauke ta a hannu har maƙabarta. Ya dawo ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe. Mutane suka ce kai, Sajo akwai haƙuri. Shi dai ya san ba haƙuri ba ne. Tuwo ya daina yi masa ɗanɗano. Rannan wani bijimi ya taka masa ƙafa, sai da ya zo cire takalmi ya ga jini.

Matarsa Rabi'atu kuwa zama ya gagare ta. A ɗakinta yarinyar ta cika, kuma ɗakin babu wuta, don zaure da turakar Sajo kaɗai aka ja wa waya tun kafin su kama hayar gidan. Bayan sadakar bakwai iyayenta suka tafi da ita Sule Tankarkar. A makon nan mahaifinta ya aiko cewa za ta dawo ranar Juma'a, amma ta ce ba za ta iya kwana a ɗakin da aci-balbal ba. Inuwa tana yi mata yawa.

Sajo ya sami Ɗantala mai wuta a rumfarsa yana naɗe waya. Gajere ne, a Kano ya koyo sana'ar, yana da tabon ƙuna a babban yatsa.

"Ƙwai ɗaya ne, a tsakiyar silin," in ji Sajo.

Ɗantala ya ɗaga kai ya dubi rana. "Malam, ba ka bari sai gobe da safe?"

"Gobe ina Maigatari. Jibi mai ɗakin za ta dawo."

Ɗantala ya san abin da ya sami gidan. Ya rataya jakar kayan aiki, ya saɓa tsani.

Gidan tsoho ne, na wasu masu sayen gyaɗa da suka tashi tun shekarun fari da yunwa. Ginin bulo, rufin kwano, an yi masa silin na farin kwali. A kusurwar ɗakin Rabi'atu akwai wata 'yar ƙofa a silin, mai murfi, daidai shigar mutum ɗaya. Sajo ya buɗe ɗakin, wanda rabon da a shige shi tun tafiyarta. Gadon ƙarfe yana nan. Jeren kwanoni yana nan. Iskar ɗakin ta tsufa.

Ɗantala ya huda tsakiyar silin, ya kafa tsani a kusurwa, ya ture murfin da kai. Zafi ya sauko, da warin kashin jemage. Ya shige da tocila a baki. Sajo ya tsaya yana jin tafiyarsa a kan katako, a hankali, a hankali.

"Malam," ya kira daga sama, "taimaka min da ruwa. Nan kamar tanda."

Sajo ya fita. Randar tsakar gida babu komai a ciki, ya ma manta rabon da a zuba mata ruwa. Sai ya ɗauki kwano ya tafi gidan maƙwabci. Can aka tsare shi da gaisuwa da jaje, yana amsawa da ka. Kafin ya dawo rana ta faɗa bayan itatuwan maina, ladan yana gyaran murya.

Ɗakin ya yi duhu. Tsani yana inda yake. Jakar kayan aiki tana ƙasa, a buɗe. Can sama ana motsi.

"Ga ruwan," in ji Sajo.

Hannu ya sauko daga ramin. Sajo ya taka mataki ɗaya ya miƙa kwanon. Ya ji ana sha, kwat, kwat, ba a tsaya numfashi ba. Kwanon ya dawo a bushe ƙarau, kamar wanda ya wuni a rana.

"Miƙo min filaya." Muryar Ɗantala ce, ƙasa-ƙasa.

Ya miƙa.

"Waya."

Ya miƙa. Ya ji ana jan ta a kan kwali, ƙirrr, zuwa tsakiyar ɗaki. Bakin wayar ya leƙo ta hudar da aka yi. Sai ga yatsu biyu sun biyo shi ta hudar nan, wadda ko ɗan yatsa ɗaya da ƙyar zai shiga, suna murɗa mariƙin ƙwai daga ƙasa.

Sajo ya gani. Ya tsaya yana kallo kamar yadda mutum ke kallon ruwan sama ta taga.

"Ƙwan," in ji muryar, daga kusurwa.

Ya zaro ƙwan daga kwalinsa ya miƙa. Hannun da ya karɓa ya fi na ɗazu tsawo. Babban yatsansa sumul, babu tabo.

A waje an tayar da salla. Babu hasken tocila a sama. Warin jemage ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, na man shanu da ake shafa wa yara a ka, haɗe da sabulun salo.

"Malam Sajo."

"Na'am."

"Hawo ka riƙe min nan."

Bai motsa ba.

"Akwai mai tambayarka."

Daga can ƙuryar silin aka yi tari. Ɗan ƙaramin tari, busasshe, sau biyu. Ya san shi. Kwana tara ya yi yana jin sa ta bango.

Ya san an binne ta. Da hannunsa ya jera itace a kanta. Ya san magariba ce, ya kuma san su wane ne ke aron murya a irin wannan lokaci. Duk ya sani. Ya duba cikin ransa ko zai sami dalilin da zai hana shi hawa, bai samu ba.

Ya taka mataki na biyu.

Na uku.

Ya miƙa hannun dama cikin ramin.

Aka kama. Sanyi kamar ƙasan rijiya. Ba a fizge shi ba, jan sa ake yi sannu-sannu, yadda ake jan guga cike da ruwa. Gwiwar hannu ta shige. Kafaɗa ta taɓa bakin ramin. Ƙafarsa ɗaya ta bar tsani.

"Malam, da wa kake magana?"

Daga bakin ƙofa aka yi tambayar. Sajo ya juyar da kai. Ɗantala ne tsaye, fuskarsa jiƙe da ruwan alwala, takalmansa a hannu.

"Da kai," in ji Sajo.

Takalman suka faɗi. Ɗantala ya yi tsalle ɗaya ya rungume ƙafafunsa, yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ya ja ƙasa. Aka ja sama. Kwanonin jere suka soma rawa, suna kaɗa juna.

"Ka ce wani abu, Malam," in ji Ɗantala cikin raɗa. "Ka nemi tsari. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Bakin Sajo ya yi nauyi.

Aka sake tarin, yanzu dab da kunnensa.

"Malam, matarka tana zuwa jibi. Wa za ta tarar?"

Sajo ya buɗe baki. A'uzu billahi ta fito da ƙyar, kamar ana zaro ta da ƙugiya.

Aka saki hannunsa.

Suka zube tare da tsanin. Kwalin silin ya tsage, ƙasa da busasshen kashin jemage suka zubo musu. Ɗantala ya ja shi da rarrafe har tsakar gida, ya janyo ƙofa ya rufe.

Suna zaune a ƙasa suna haki, haske ya fito ta ƙarƙashin ƙofar. Fari tas, ba ya ko ƙyaftawa.

Ɗantala ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan farin abu ya nuna wa Sajo a tafin hannunsa. Fiyus ɗin gidan ne.

"Kana fita na ji numfashi a bayana, na sauko," ya ce. "Na cire wannan a zaure, na tafi masallaci. Gidan nan duk babu wuta, Malam. Wayar ma ban haɗa ta da komai ba."

Washegari Sajo bai je Maigatari ba. Liman ya zo da mutum biyu, aka yi karatu, aka toshe ƙofar ɗakin da bulo. Maƙwabta sun ce kwana uku ana ganin hasken ta tsagar taga kafin ya ɗauke. Ɗantala ya ci gaba da sana'arsa, amma ko me za a ba shi ba ya ƙara shiga silin. Hannun Sajo na dama bai sake jin zafi ko sanyi ba, dole ya koyi yin allura da hagu.

Da yammacin Alhamis ɗin ya hau mota zuwa Sule Tankarkar. Ya gaida surukinsa, aka yi masa iso. Ya tarar da Rabi'atu zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta rame, ƙullin kayanta yana gefe a ɗaure. Ya zauna nesa kaɗan. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba, da murya irin ta mai ba da labarin wani.

Ba ta daina ɓarar ba har ya gama.

"Ka gan ta, Malam?"

"Ban gan ta ba. Ba ita ba ce, Rabi."

"Amma ka ji ta."

"Na ji."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta daɗe tana duban hanyar Gumel ta saman danga.

"Da ni ce," ta ce a hankali, "da ban nemi tsari ba."

Sai a lokacin tsoro ya kama Sajo. Ya tashi ya kwance ƙullin kayanta da hannun hagu, ya mayar da su ɗakin mahaifiyarta ɗaya bayan ɗaya. Bai mayar da ita Gumel ba sai da ya sami wani gida, na ƙasa, mai rufin azara, wanda babu komai tsakanin rufinsa da sama.